Salkunan Yayata da Takardu Uku

A shekarun farin nan, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, na dawo Agadas bayan na daɗe ina bin manyan motoci tsakanin Kano da Tamanrasat da Sabha. Na sauka gidan yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Sana'arta jima da ɗinkin salka, jakar fata ta ɗaukar ruwa. Awaki na ta mutuwa a daji, fata ta yi araha, amma ayari ya tsaya, babu mai sayen salka. Mai saye ɗaya ya rage mata: sansanin sojojin da ke sintiri a kan raƙuma. Daga can hatsin gidanmu yake fitowa.

Da can abin ba wuya. Wani tsohon sarjan yakan zo zaure, ya sha shayi, ya ce ana son salka kaza, shi ke nan. Sai aka aiko da doka daga Yamai: soja ba za su ƙara sayen ko igiya ba sai mutum uku sun rubuta kuɗin kayansu, kowa a takardarsa, a liƙe. Wanda nasa ya fi sauƙi shi ke da aikin.

Na san wannan tsari. A garuruwan da na zauna na ga ɗan kasuwa yana ɓoye wa ƙaninsa abin da ya rubuta. Na ce wa yayata ta rage kaɗan, kuma ta kama bakinta.

Washegari da hantsi sai ga ta da mata biyu masu sana'a irin tata. Ɗaya maƙwabciyarmu ce, ɗaya kuma Buzuwa ce da fari ya koro daga wajen Dabaga. Ba wadda ta iya rubutu a cikinsu. Suka zauna a tabarma ɗaya, suka ajiye mini takardu uku.

Na ce, "Yaya, ai ba tare ake yi ba. Kowa a ɓoye."

Ta ce, "A ɓoye wa wa? Da bagaruwata suke jima. Rubuta, Auta, kai ne mai Faransanci."

Na tambayi maƙwabciyar nawa zan sa mata. Ta ce, "Abin da Yaya ta sa." Na yi wa Buzuwar bayani da Tamashek, cewa in ta rage ko dala ɗaya aikin nata ne. Ta dube ni kamar na zage ta.

"In karya wa Yaya kasuwa, ita da ta ba ni ɗaki? Tafiya ta lalata ka."

Haka na rubuta kuɗi ɗaya sau uku, da hannu ɗaya.

Ran buɗe takardu muka je sansani. Wanda ke kula da saye wani soja ne mai muƙamin ajidan, Bazabarme, sabon zuwa, mai tsabta da son ƙa'ida. Ya buɗe ta farko, ya buɗe ta biyu, da ya kai ta uku ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, kai ne mutum ukun?"

Na ce ni alƙalami ne kawai. Ya juya wajen matan ya ce ɗaya ta rage, a gama. Ba wadda ta yarda. Ya ce wa yayata, "Inna, in ba wadda ta rage, sai in rubuta Yamai a aiko da bidon, gorar ruwa ta ƙarfe."  Yayata ta san abin da ya rage a buhunmu, ni ma na sani. Duk da haka ba ta rage ba.

Tsohon sarjan ne ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ya ce ruwan bidon a kan raƙumi da azahar sai dai a dafa shayi da shi. Ajidan ya sake duba dokar, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya sami layin da ya ce in kuɗi ya zo ɗaya a duba ingancin kaya.

Aka cika salka uku, aka rataye a inuwar gini. Da rana ta take muka koma. Ta yayata duk jikinta ya yi raɓa. Ajidan ya shafa ya ce, "Wannan yoyo take yi."

Yayata ta yi dariya, karo na farko a ranar. "Ɗana, gumi take yi. Wadda ba ta gumi ba ta sanyi. Sha ka ji."

Ya sha daga kowace. Da ya zo kan tata ya ƙara kofi na biyu, sannan ya koma ciki ya buga hatimi a takardarta.

A hanyar gida ta tambaye ni ko dokar ta faɗi wanda zai riƙe allura. Na ce ban ga wannan layin ba. Ta ce to madalla, don salkunan sun fi ƙarfin hannu biyu. Wata guda tsakar gidanmu na warin jima, mata uku na ɗinki suna gardamar wadda ɗinkinta ya karkace, ni kuma aikina ɗebo ruwan gwaji daga rijiya. Tuwo bai yanke a gidajen nan uku ba har damina ta sauka.