Kamyon Kara Daga Gazawa Zuwa Ƙofar Yaya Tanko

Rana ta farko: Agye zuwa Gazawa

Na fito gida ƙarfe biyar saura kwata, ladan bai ma yi kira na biyu ba. Rumfar facin tayata na bar ta a rufe, abin da ban saba ba. Tunda na dawo ku mutanen tasha kuka dame ni da ina na je, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ga dalilin tafiyar. Yayana Tanko ya shekara ashirin da bakwai yana jan kamyo, babbar motar kaya. Kaka biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace. Ƙafar ta ɗan dawo, yana takawa da sanda, amma tun da aka maida shi ƙauyenmu na bayan Cadakori bai ƙara leƙa ƙofar gida ba, ko Juma'a. Ya ce ya gaji da sannu. Babban ɗansa Sanusi, wanda shi ne sarkin samarin garin, ya kira ni ya ce wasan karan da suke yi bayan an gama ɗaurin gero, bana na motoci ne, kowa zai yi shigar mota ko ya yi wa abin hawansa shiga. Suna so a ƙera kamyon Yaya da kara a kai shi ƙofar gida, ko Allah zai sa ya fito. An ba wani Illa mai gadon kara na Gazawa aikin. Ɗaukowa ce tawa.

Na yi salla a tasha, hiyas, ƙaramar bas ɗin haya, ta tashi shida da minti goma. Kilomita ashirin da wani abu ne, kafin bakwai na sauka.

Ni ba mai yabon mutane ba ne, kun sani. Amma da Illa ya yaye tabarmar da ya rufe abin, sai da na cire hula na sosa kai. Tsawonsa kamu shida. Ciki fanko ne, mutum biyu za su shiga su rataya shi a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya. Tayoyin faifai ne ya shafe da gawayi, har zanen taya ya fitar. Fitilu ƙoƙo biyu, madubi murfin gwangwanin kifi. Gaban motar ya liƙe shi da takardar siminti da kokon gero, ya bi da fenti shuɗi, sak launin motar Yaya. A baya ya rubuta abin da ke bayan ta gaskiyar: A Gaida Inna. Daga hoto guda na cikin waya ya yi duk wannan.

"Malam Sale, abu biyu za ka tsare," in ji Illa. "Iska da hannun mutane. Kuma ka hau sama ka zauna kusa da ita."

"Ni da bayan nan nawa?"

"To ka ɗaure bayan, ka hau."

Gazawa zuwa Maraɗi

Tara da rabi muka samu wata hiyas mai zuwa Maraɗi. Direban ya zagaya kamyon sau biyu yana dariya, ya ce kuɗin mutum biyu zan biya mata tunda mutum biyu take ɗauka. Ban yi gardama ba. Muka ɗaure ta a sama, na hau na zauna kan wani buhun aya. Da muka ratsa Agye wasunku sun gan ni kuna ihu, ban ɗaga wa kowa hannu ba don hannuna biyu suna riƙe da kara.

Gab da Cadawa akwai shingen jandarma. Wani dogo ya karɓi takardun direba, ya ɗaga kai ya ga abin da ke sama, ya tsuke fuska.

"Baba, waccan motar ta sama, ina takardunta?"

"Ranka ya daɗe, jiya aka haife ta."

"Tana shan mai?"

"Fura direbanta ke sha."

Ya kira abokin aikinsa suka ɗauki hoto, ya ce in gaida Inna. A Cadawa na sayi dafaffiyar gyaɗa da rake ta sama, ban sauka ba. Muka shiga Maraɗi ɗaya da kwata, kilomita ta haura ɗari daga Gazawa, kuma ko kara ɗaya bai karye ba. Bayana ne ya karye.

Na sauka garejin Mamman mai walda, tsohon abokina. Ya sa kamyon a cikin wata matacciyar bas ya rufe, ya ba ni tabarma da tuwon gero miyar kuka. Masu gyara suka yi ta layin kallo har la'asar. Wani bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce wallahi har wurin rataya tayar safiya, ta ko-ta-kwana, Illa bai manta ba.

Rana ta biyu: Maraɗi zuwa Cadakori

A nan na yi wauta, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na tashi bayan nan kamar an buga mini taɓarya. Motar Cadakori ta cika bakwai da rabi, kamasho ya ce akwai wuri gidan gaba. Na dubi sama, na dubi kujera, na zaɓi kujera. Na ga lokacin da aka ɗora wasu awaki uku a ɗaure a sama kusa da kamyon, na wani mai kai su kasuwa, ban kawo komai a raina ba. Illa ya ce iska da hannun mutane, bai ce akuya ba.

Muka wuce Tibiri takwas saura, ina ta gyangyaɗi. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Direba, mi ke zubowa daga bisa, shuɗi-shuɗi?" Direba ya ce ƙila ledar wani ce. Sai da muka sauka Cadakori tara saura minti goma na gani. Wata jar akuya ta miƙa wuya ta shinshino kokon da aka liƙa takarda da shi. Ta cinye ɓarin gaban motar na hagu, takarda da fenti da igiya, ta sauke fitila guda, ƙarfen gaban na kara ya saki ya zubo gefe. Bakinta shuɗi, tana kallona tana tauna.

Mai awakin ya ce, "Allah Ya sa fentin nan ba zai kashe mini ita ba."

Abin da ya zo bakina ba na rubutawa ba ne.

Cadakori zuwa gida

Sanusi ya zo tarbata da amalanken jaki. Tafiyar awa ɗaya ce cikin rairayi, gonaki duk an girbe, dammunan gero jere a bakin rumbuna. Sanusi ya dubi gaban motar, ya juyo gare ni.

"Baba, ka ga abin da ni gani?"

Na gani. Motar ta shanye ɓarin hagu, bakinta ya karkace, daidai yadda na Yaya ya yi. In aka kai masa ita haka gaban jama'a, zai ce da gangan aka yi, ɗansa da ƙanensa sun haɗa kai sun maida shi abin wasa. Ba fita ba, ko gaisuwarmu ba zai ƙara amsawa ba.

Muka ɓoye ta bayan lakol, makarantar bokon garin, samari suka taru suka gyara iya yinsu, amma babu takarda babu fenti, kuma karan ya riga ya saki. Na shiga gida na gaida Yaya. Yana zaune a ɗaki fuskarsa na kallon bango, ya rame. Ya ce, "Kai ma sannun ka kawo?" Na ce a'a, aya na kawo. Ya ce in aje.

Matarsa Hajara ta ja ni bakin madafa, ta ba ni fura, na gaya mata komai.

"Kai dai ƙaramin miji ba ka taɓa aika ta dawo lafiya ba," in ji ta. "To wa ya ce sai ya ga gabanta? Rubutun ba a baya yake ba? Ku shigo da ita lungu da baya, ku tsaya bakin zaure, ya ga sunan Inna, ku koma."

Wasan

Bayan la'asar aka buga ganga. Na zauna garuruwa, ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma duk da kara da tsumma da tarkacen bola aka yi shi. Wani ƙato ya zura tsofaffin tub na taya tun daga wuya har gwiwa, ya shafe fuska da baƙin tukunya, yana tafe yana gurnani, shi ne dodon taya. Ni da na shekara talatin ina facin tub ban taɓa tunanin a sa shi a jiki ba. Bayansa wani ya zama famfon mai, jarka a ka, tiyo a hannu, duk motar da ta zo sai ya ce mai ya ƙare, a dawo gobe. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Wanda ya fi tsorata mutane mai moto ne, wato babur. Ya ɗaura ƙoƙon kan bijimi mai ƙaho a kan fitilar, hasken na fitowa ta ramin idanu, ya rufe jikin moton da baƙin zane. Shi kansa ya shafa toka, an zana masa haƙarƙari da alli. Ba ya gudu, a hankali yake tafe, ba ya kallon kowa. Wata mai goyo ta yi a'uziyya ta shige gida, alhali ɗan ƙanwarta ne. Amalanken da ya ɗauko ni kuwa an yi masa baki da haƙoran kara ya zama kada, jakin na tsakiyar bakin kamar an haɗiye shi rabi, shi ko a jikinsa.

Kamyonmu ne na ƙarshe. Sanusi ya shiga gaba, wani abokinsa Dogo ya shiga baya. A fili mutane suka yi ta tafi, tsofaffi na cewa wallahi ta Tanko ce. Da aka zo bakin lungunmu suka juya, suka fara shiga da baya. Lungun ƙunci gare shi, danga hagu danga dama, kuma dukansu gaba suke kallo, ba mai ganin inda za shi. Dogo ya karkata ya daki dangar maƙwabta. Suka ja gaba, suka sake, ya daki tamu. Sanusi na cewa dama, Dogo na bin tasa damar. Sau huɗu. Jama'a sun cika lungu, ganga ta tsaya, ni ina bakin zaure ina jin kamar in nutse.

Sai na ji murya a bayana, ba ta fita sosai amma kowa ya ji.

"Wane jaki ne a sitiyari?"

Yaya ne, a cikin zaure, da sandarsa. Ashe tun bugun farko yake leƙe ta tsagar ƙyaure.

"Ana shiga lungu da baya babu mai duba maka? Wa ya koya muku? Sale, kauce, kai ma tsaye kake kamar turke."

Na kauce. Ya tako ya fito, hular ma babu. Ya jingina da bango, ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ja gaba. Ƙara. Tsaya nan. Karya hagu duka. Na baya, kai ba naka ba ne tuƙi, bi shi kawai. Taho, taho, taho. Miƙe. Tsaya."

Kamyo ya tsaya cif a bakin zaure, bai taɓa danga ba. Ba wanda ya ce masa sannu. Wani tsoho daga baya ya ce, "Direba dai direba ne," mai ganga ya saki kiɗa.

Yaya ya karanta rubutun, ya shafa shi da yatsa. Daga nan ya fara bin jikin motar yana dubawa, yadda yake yi kafin ya tashi tafiya, taya bayan taya. Na sha gabansa, ya ture ni da sanda. Ya isa gaba. Ya tsaya. Sanusi a ciki ya sunkuyar da kai.

"Wa ya yi mata haka?"

"Akuya ce, Yaya. Laifina ne, na zauna gidan gaba."

Ya daɗe yana kallon bakin nan da ya karkace. Ya taɓa ramin fitilar da ta faɗi.

"Tana tafiya dai?"

"Tana tafiya, Baba," in ji Sanusi.

"To mi kuke jira? Ku ja mu je fili. Amma ni ke ba da hannu."

Aka ɗora shi a kan kadan amalanke, ya bi su har fili yana zagin tuƙinsu. Sai da aka kira magariba ya yarda aka maida shi.

Rana ta uku: komowa

Na bar ƙauye shida da rabi a bayan moton mai ƙoƙon bijimi, ya wanke tokar amma bai kwance ƙahon ba. Mota ta tashi Cadakori takwas saura, Maraɗi tara da rabi, na tsaya na ba Mamman labari muka ci shinkafa da wake. Na sauka Agye biyu da minti ashirin, na tarar da taya bakwai a jingine bakin rumfa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Illa, hannunsa Allah Ya ƙara masa albarka, da Mamman, da samarin garinmu da suka nuna mini abin da ake yi da kara. Kwana huɗu da dawowata Hajara ta kira ni a wayar Sanusi. Ta ce tun safe Yaya ke fita ya zauna bakin hanya, duk amalanken da ya wuce sai ya tsaida shi ya ce lodin ya karkata.

"Ka zo ka maida shi ɗaki," in ji ta. "Mutane sun fara canza hanya."

Na ce mata bayana na ciwo.