Zanen Zumunta da Na Ara

Tun ina 'yar firamare a Kafanchan nake wasan kwaikwayo, kuma ba a taɓa ba ni matsayin mutumin kirki ba. A wasan Kirsimeti na cocinmu ni ce Shaiɗan, don muryata ta fi ta maza ƙarfi. A shafa mini gawayi in fito ina zare ido, tsofaffi suna tafi. Daga nan na yi shekaru a dandamali a Jos, na shiga fim, har aka kira ni Kaduna wani shirin talbijin mai dogon zango. Mama ba ta taɓa hana ni ba. In an tambaye ta aikina sai ta ce, "Ƙarya take yi, mutane suna tafa mata," ta kwashe da dariya.

A shirin Kadunan aka ce in fito a matsayin wata 'yar zumuntar mata ta coci, wadda da an tashi taron addu'a sai ta zarce gidan burukutu. Mai kula da kayan sawa ya kawo mini wata atamfa sabuwa fil, wai ita ce yunifom ɗin. Na ce masa malam, ko jariri a garinmu ya san wannan ba zanen zumunta ba ne. Ciwona ke nan, in abu ba na gaske ba ne ba na iya wasa da shi. Na hau mota na zo gida aron na Mama.

Shin na gaya mata abin da zan yi da shi? Nan kaina yake ɗaurewa. Ni dai na tuna na gaya mata, tana zaune a tsakar gida tana tsaga citta. Ita kuma daga baya ta ce ba ta tuna ba, wata rana ta ce ta tuna sarai. Ta dai ciro shi daga ƙasan akwati da ɗankwalinsa, ta ce kada in bari manja ya taɓa shi. A gefensa akwai ƙunar dutsen guga, wadda ta yi wa faci da baƙin zare.

Facin nan ne ya tona mu. Da aka nuna shirin, kyamara ta tsaya a kansa daidai lokacin da nake tangaɗi da ƙwarya a hannu. Matan da suka tsufa a benci ɗaya da Mama suka gane shi nan take.

A wurinmu zanen zumunta ba a ba da aronsa, ko kasuwa ba a zuwa da shi. Na taro ne. Kuma ran da ɗaya daga cikin matan ta rasu, sauran suna zuwa sanye da shi, su kewaye akwatin gawa da kiɗan tulu da waƙa, su raka ta har bakin kabari. Mama ta sha faɗa mana cewa wannan rakiyar ce kaɗai take so a duniya. To sai ga shi sun sa ta a horo na wata shida: ta koma bencin baya, ta ajiye zane. Wadda kuwa ta mutu cikin horo, ba a zo mata da yunifom.

Da farko ban damu ba, na ce wata shida ai kamar gobe ne. A wata na biyar ƙanwata ta kira ni, ta ce ƙafafun Mama sun kumbura, kuma likita ya ce a kira na nesa.

Na iso ranar taronsu, ko gida ban biya ba na wuce coci. Na shirya wa ɓacin rai da harara. Ina shiga sai guɗa! "Ga mashayiyarmu!" Wannan ta rungume ni, waccan ta ce ko mako ɗaya shirin bai taɓa wuce ta ba. Suka ce sai na yi musu tafiyar buguwar nan. Na tsaya sororo. Shirin da ya jefa uwata bencin baya, shi ne suke so in maimaita musu a cikin coci? Kuma na yi, Allah ya gafarta mini, ina ganin ko zai sa su yi laushi. Suka yi dariya har da riƙe ciki.

Sannan na durƙusa a gaban uwar zumunta, tsohuwar da ta goya ni ina ƙarama. Na ce, "Mama, laifina ne. Ni za ku hora, ku saki uwata. Jikinta ba daɗi."

Ta ce, "'Yata, ke ba 'yar zumunta ba ce, da me za mu hore ki? Zanen nata ne, ita ta san doka."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ina roƙo, majina da hawaye, ban san ma me nake faɗa ba. Can daga baya wata ta ce, "Kai, yarinyar nan ta iya! Haka fa ta yi a na makon jiya." Na ji ana ta amsawa, lallai, lallai. Uwar zumunta ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya isa, tashi. Allah ya ba ki baiwa."

Labari ya riga ni zuwa gida. Mama tana kwance, ta dube ni ta ce, "An ce kin yi kuka. Na gaske ne?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna wani abu. Ina tsakiyar kukan nan na juya fuskata wajen taga, inda haske yake, kamar yadda aka koya mini a Jos. Ban yi niyya ba. Ko na yi? Na ce, "Na gaske ne, Mama." Ta ce, "To," ta juya ta fuskanci bango.

Saura mako uku horon ya ƙare ta rasu.

Sun zo, dukansu, har da waɗanda ke dogara sanda, kowacce da zanenta na gida. Suka yi waƙa har muryoyinsu suka dishe. Uwar zumunta ta fi kowa kuka, sai da aka riƙe ta. Har yau ban san ko haushinsu zan ji ba ko godiya zan yi musu. Zanen Mama yana ninke a jakata. Na so in sa mata a akwati, ban san ko doka ta yarda ba, kuma wadda na saba yi wa irin wannan tambaya ita ce a kwance.

A bakin kabari na ji hawaye yana tahowa. Na ɗaga kai, na ga idanu a kaina, suna jira. Na danne shi, na haɗiye, na tsaya ƙiƙam har aka gama zuba ƙasa. Muna juyawa na ji wata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita: "Uwarta fa. Ko ɗigo ɗaya. A talbijin kuwa kamar famfo."