Apa Sabohat, wadda ta yage ledar tagarmu

Da an sallame asuba Apa Sabohat, ma’aikaciyar jinyarmu, ke rufe ƙofarta, jaka a kafaɗa, ta hau hanyar dutse zuwa gidajen masu tarin fuka. Ba ta aika magani, ba ta barin na kwana biyu. Sai ta zauna ka haɗiye a gabanta, ka buɗe baki ta duba ƙarƙashin harshe. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki a ƙauyenmu na kwarin Rasht, kuma a ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Tunda na ji, hankalina bai kwanta ba, domin ran ƙanena Shodmon na hannunta bayan na Allah.

Mazanmu dai Rasha suke tafiya aikin gini, su dawo da sanyi ya kama. Suna kawo akwatuna, wasu kuma su kawo tari. A can mutum goma ke kwana a ɗaki guda, daga ƙasashe daban-daban, kowa na shaƙar numfashin kowa. Apa ta ce tarin da ta sani tana yarinya yana jin magani, amma wanda ke saukowa daga jirgi yanzu sau da yawa ba ruwansa da ƙwayoyin da aka saba.

Ranar da Shodmon ya dawo bara, mahaifinmu Bobo Kurbon ya yanka rago. Maza sun fi talatin a ɗakin baƙi, gwiwa na gugar gwiwa, ƙafafu a ƙarƙashin bargo guda, tagogi kuwa an liƙe su da leda kamar yadda muke yi kowane sanyi. Ƙofar ma a rufe take ruf. Ina kai shayi na ji Shodmon na tari a cikin hannun rigarsa, na yi kamar ban ji ba. Ina jin kunyar wannan har yau.

Apa tana madafa tana taya mu yanka karas, ita ma ta ji. Ta ajiye wuƙar, ta shiga ɗakin maza, inda mace ba ta wuce bakin ƙofa, ta sa hannu ta yage ledar tagar daga sama har ƙasa. Iskar ƙanƙara ta faɗo kan dattawa.

“Ke Sabohat, kin zare ne?” in ji Bobo. “A gidana? A gaban baƙina?”

“Bobo, gara su yi mura. Kai Shodmon, tun yaushe kake wannan tarin?”

“Haba Apa, ƙurar siminti ce kawai.”

“Siminti ne ya cinye maka kumatu? Ni na yi maka rigakafi kana tsumman goyo, ba za ka yi mini wayo da gemu ba. Taso.”

Bobo ya kore ta, ya ce kada ƙafarta ta sake taka gidan. Washegari sai ga ta da ’yar kwalbar ɗaukar majina, ta tsaya a waje cikin dusar ƙanƙara har Shodmon ya fito. A nan ya faɗa mata gaskiya: an taɓa ba shi magani a can, ya sha wata biyu, da ya ji sauƙi ya daina, don kada shugaban aiki ya gane ya sallame shi. Sakamako ya dawo daga birni, tarin irin mai taurin kan ne. Ta bi duk wanda ya zauna a ɗakin nan gida-gida, aka samu biyu sun kamu. Ta raba Shodmon da jaririyarsa ɗaki, matarsa ta yi sati ba ta gaishe ta ba.

Apa, ke ce kika sha zagi a gidan da kika ceta. Ke ce kika riƙe masa kai ranar da maganin ya sa shi amai har yana rantsuwa ba zai ƙara sha ba, kika jira ya huce, kika sake miƙa masa ruwa.

Da bazara ta shigo, abokansa suka fara bugo waya, wai aiki na jira. Shodmon ya yi ƙiba, ya haɗa akwati, ya ce ya warke. Apa ta ce saura wata huɗu, in ya tafi yanzu zai kai wa wasu goma cutar, shi ma ba lallai ya dawo da ƙafarsa ba. Ya yi mata dariya. Ran nan da hantsi, mutane na kallo, Bobo Kurbon ya dogara sandarsa har ɗakin shan magani, ya kwance ɗamararsa, ya ciro fasfon Shodmon ya ajiye mata a kan tebur.

“Riƙe, ’yata. Sai ranar da kika ce.”

Mun gode, Apa Sabohat, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da ɗanku ke kan hanya, ku kai shi a duba ƙirjinsa kafin ku yanka ragon, kada ku kawar da kai irin yadda na yi. ’Yan matan da suka karanta aikin jinya, don Allah ko guda ta tsaya a gida. Akwatin Shodmon na nan a ɗaure, bai kwance ba, kuma har yau ba a turo mana wadda za ta karɓi jakar Apa ba.