Ranar da Mariƙiya Ta Shiga Doka

Ni na rubuta dokar da hannuna, lokacin ina sakataren kwamitin tsara ƙa'idojin jarrabawa a jami'armu. Ta ce duk ɗalibin da rasuwa ta hana shi zama jarrabawa za a sake masa, in dai mamacin uwa ne ko uba, miji ko mata, ko ɗa. Daga kundin wata jami'a na kwafo ta, na gyara Turancin, ranar da aka amince da ita har da hura hancina.

Kwatsam sai ga wata ɗaliba 'yar Gwiwa, 'yar ajin ƙarshe, a ofishina. Goggonta ta rasu ana gobe jarrabawa, ta tafi zaman makoki, darussa biyu suka wuce ta. An ce mata babu goggo a doka, sai dai ta maimaita shekara.

"Ranka ya daɗe, 'yar fari ce ni," in ji ta. "Tun yaye aka kai ni ɗakinta. Ni fa ban san wata uwa ba."

Kunya ta rufe ni. Ni kaina kakata ce ta riƙe ni a Kazaure, amma da na zauna rubutu na manta da ita sarai.

Na kai maganar zaman kwamiti. Shugabanmu, wani dattijon farfesa marar wasa da ƙa'ida, ya gyara tabarau.

"Malam, in muka yarda, kowane ɗalibi sai ya kashe goggo biyu a zango ɗaya."

"Allah ya gafarta Malam," na ce, "mu tara ne a nan. Wanda ya tashi a ɗakin mahaifiyarsa ya ɗaga hannu."

Hannu huɗu na gani, kuma babu nasa. Kafin la'asar mun ƙara "ko mariƙi ko mariƙiya, bisa shaidar dagaci". Na rubuta dokoki masu yawa a aikina, babu wadda nake alfahari da ita kamar wannan ɗan layin.

Yarinyar ta zauna jarrabawarta, ta ci. Bayan sati biyu mahaifiyarta ta hau acaɓa da mota tun daga Gwiwa, ta durƙusa a bakin ƙofata. Ko sunan 'yar ba ta iya faɗa ba, don kara.

"Malam, godiya na zo yi a madadin uwarta," ta ce. "Da tana raye, da ita za ta zo."