Jajen da ya cinye karatun Lawal

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar abokina Lawal, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta layi ɗaya a kansa ba. Ba mantuwa ba ce. Duk sanda na ɗauki biro sai in ji abin da zai fito ba irin wanda ake rubuta wa mamaci ba ne, sai in ajiye. Mutanenmu sun fi son a ce marigayi mai haƙuri ne, mai zumunci, a yi addu'a a shafa a tashi. Lawal ba mai haƙuri ba ne, ni ma da nake wannan rubutu haƙurina ya ƙare. Wanda ya zo shafin nan yau neman sanyin zuciya, ya wuce shafi na gaba.

A Kuala Lumpur muka haɗu. Gwamnatocin jihohinmu ne suka tura mu karatun digiri na uku, shi daga jiharsa ni daga tawa, muka sauka a dogon bene ɗaya a Pantai Dalam, kusa da jami'a. Ni lissafi nake karanta, shi kuwa zaɓen ƙananan hukumomi yake nazari, abin da na sha tsokanarsa da cewa ya ƙetaro teku don ya karanci abin da ba a yi a gida. Yana tare da matarsa Hajara da jaririyarsu Nabila, wadda a can aka haife ta. Siriri ne, mai saurin magana. In ya fara bayani sai shayinsa ya huce, a sake kawo wani, shi ma ya huce.

Ƙofar da ke kallon tasa ta wani ɗan Koriya ta Kudu ce, Mista Han, wanda ya girme mu duka. Ya daɗe a Malesiya yana kasuwanci kafin ya koma makaranta. Mutum ne mai ɗaure fuska, ba ya amsa gaisuwa sai da kai, amma shi da Lawal sukan zauna a mamak, shagon shayin da ke ƙasan benenmu, su yi ta musun siyasa da Turanci. A nan muka san Mista Han ɗan gani-kashe-nin jam'iyyar da ke mulkin ƙasarsu ne a lokacin.

A ƙarshen watan Mayu na 2006 aka yi zaɓen gwamnoni da magadan gari da kansiloli a Koriya, jam'iyya mai mulki ta sha mummunan kaye. Washegari da safe Lawal ya sauko mamak da labarin, ya same mu muna karin kumallo. Har yau ina tuna yadda muka karɓe shi, kuma ba na alfahari da shi.

"Jam'iyya mai mulki?" in ji wani daga cikinmu. "Da 'yan sanda a hannunta? Wallahi mutanen nan ba su iya siyasa ba."

"Ba su da returning officer ne?" in ji wani, aka kwashe da dariya.

"Ina ruwanmu lah, ku bar mutum ya yi makan," in ji na uku da guntun yaren Malesiya, wato a bar shi ya ci abinci, ya ci gaba da cin nasa.

Mu ke nan, waɗanda aka zaɓo aka tura su karo ilimi don su dawo su gyara ƙasa. Mun ji an yi zaɓe an ƙirga ƙuri'a, mai mulki ya faɗi ya amince, abin da ya zo mana shi ne tausayin wautarsu. Biyu daga cikin masu dariyar nan yanzu masu ba gwamnoni shawara ne, kuma na tabbata shawarar da suke bayarwa ba ta wuce wadda suka bayar a kan teburin nan ba.

Lawal bai yi dariya ba. Ya ce jam'iyyar maƙwabcinmu Mista Han ta faɗi zaɓe, ya kamata a je masa jaje. A wurinmu ai haka ake yi. In ɗan takararka ya faɗi, mutane za su zo su cika maka zaure, a ce sai haƙuri, Allah Ya sa hakan ya fi alheri, a ɗan zauna a tashi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ko a Koriya ma haka ake yi. Bayan la'asar mu biyar muka sa huluna, Hajara ta ba da kwanon cincin, muka ƙwanƙwasa wa Mista Han ƙofa. Muka cire takalma, muka zazzauna a ƙasa ba tare da an ce mu zauna ba, muka sunkuyar da kai. Lawal ya shiga fassara masa sai haƙuri da Turanci, yana maimaitawa.

Mista Han bai zauna ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wa ya mutu. Da ya gane abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta canza, don a ganinsa kallo muka zo, mu ga yadda wanda aka kayar yake. Ya yi magana a hankali, ba da ihu ba.

"Kun san bana an bar baƙi sun yi zaɓe a ƙasata? Mutum kamarku, in ya samu takardar zama ta dindindin ya cika shekara uku, ya jefa ƙuri'a a garin da aka haife ni. Ni da aka binne ubana a can, don kawai ina zaune a nan, ba ni da hanyar jefa tawa. Baƙo ya zaɓa mini magajin gari, yanzu kuma ga baƙi a ɗakina suna ba ni haƙuri."

Ya buɗe ƙofa ya tsaya a gefenta. Kwanon cincin ma sai da ya miƙo mana abinmu.

Muka sauko muna zaginsa, mara tarbiyya, mara addini, har da abin da ba zan rubuta ba. Lawal kaɗai ne ba ya cikin masu zagin. Sai da muka rage mu biyu ya kama hannuna ya ce, "Malam Bashir, ka ji abin da ya ce? Baƙo ya yi zaɓe, an ƙirga, ba a kashe kowa ba."

Kwana uku yana rubutu. Muna da wani zauren wasiƙu na intanet da ɗalibanmu na Arewa ke amfani da shi, yawanci don sanarwar suna da neman wanda zai tafi gida a ba shi saƙo. Nan ya tura. Ya ce Mista Han yana da gaskiya a kan tasa ƙuri'ar, amma ba shi da ita a kan ta baƙi. Ya ce a wurinmu ana karɓar ƙuri'ar baƙo hannu biyu ranar zaɓe, har mota ake turo masa, amma in ya nemi gurbin karatu ko aiki sai a tuna ba ɗan asali ba ne. Daga nan ya kawo misali da kansa. Kakansa da ayarin kanwa ya zo daga ƙetaren iyaka, ya zauna a garinsu, ya yi aure, ya mutu a nan. A nan aka haifi ubansa, a nan aka haife shi. Mai unguwar da ya sa hannu a takardar asalinsa ya ci tuwon sunansa. Ya rufe da tambayar ko shi baƙo ne ko ɗan gari.

Ni na karanta rubutun kafin ya tura. Na gyara masa waƙafi biyu, na ce sakin layin kakansa ya fi kowanne daɗi. Wannan ita ce shawarar da na ba abokina.

Ba a yi wata biyu ba takarda ta zo daga hukumar tallafin karatu ta jiharsu. Wani ya buga rubutun, ya haɗa da wasiƙar da ba sa hannu, ya aika musu cewa ɗan Nijar ya cinye gurbin ɗan jiha. Aka dakatar da tallafin Lawal har sai an kammala bincike. Zauren nan ba Bature a ciki, ba ɗan Malesiya, ba ɗan Koriya. Duk wanda ke ciki mun yi sahu ɗaya da shi, ya ci abincin Hajara ranar salla.

Abu ɗaya Lawal ya roƙa. Ya nemi ƙungiyarmu ta ɗalibai ta rubuta wa hukumar cewa mun san shi, ɗalibi ne na gaskiya, karatunsa ya yi nisa. Aka kira taro a gidan shugaban ƙungiya a Danau Kota. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Lawal, issue ɗin nan sensitive ne. Kada garin taimakon mutum ɗaya a taɓa na sauran 'yan'uwa." Aka ce a ɗaga hannu. Mutum biyu suka ɗaga don a rubuta, sauran suka ɗaga don kada a rubuta. Ni ban ɗaga wa kowane ɓangare ba, saboda takardar neman ƙarin wa'adina tana gaban tawa hukumar a lokacin. Lawal ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya tashi ya nemi takalmansa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya mutu, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ɗan jure, amma makaranta ba ta sabunta wa wanda ba shi da mai ɗaukar nauyi izinin zama. Ranar da suke kwashe kaya Mista Han ya riƙe musu ƙofar lif har suka gama shigar da akwatuna, amma bai taɓa ba da haƙuri ba. Ban ƙaunaci mutumin nan ba, har yau ba na ƙaunarsa. Amma shi a ɗakinsa ya faɗi abin da ke ransa, yana kallon idonmu, da sunansa a jikin ƙofa. Namu kuwa, wanda ya aika wasiƙar, ya raka Lawal filin jirgi, ya rungume shi, ya ce Allah Ya fitar da shi. Na san ka. Ka san na san ka.

Lawal ya koma gida ya kama koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, yana zirga-zirga babban birnin jiha ana ce masa fayil yana sama. Bayan shekara uku ya yi jinyar 'yan kwanaki ya rasu. Ba zan ce wasiƙar ce ta kashe shi ba, ajali na Allah ne. Abin da na gani da idona shi ne mutumin da shayi ke hucewa a gabansa ya koma mai shanyewa da zafi ya tashi. An binne shi a maƙabartar da ubansa da kakansa suke, masu haƙa ba su nemi wata takarda ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Na ji a Koriyar ma ana ta muhawara ko a janye wa baƙi ƙuri'ar nan, kuma na san da sai ya ce aƙalla a fili suke yi. Mai wasiƙar kuwa yanzu a rediyo nake jinsa, ana gabatar da shi da dakta, yana wa'azin haɗin kan Arewa. Da Lawal na nan da ya buga waya cikin shirin, da kuma an katse shi. Ni kashe rediyon nake yi, wanda shi ne irin jarumtar da na iya tun asali.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana Nabila ce. Ta samu gurbin jami'a, aka ce ta kawo takardar asali. Ta je sakatariyar ƙaramar hukumarsu, ma'aikacin ya duba ya ga tambayar da hukumar tallafi ta aiko a kan mahaifinta tun wancan lokaci, ba a amsa ba, ba a rufe ba. Ta kira ni tana ƙoƙarin kada ta yi kuka. "Baba Bashir, sun ce wai binciken Abba bai ƙare ba."

Na zauna na rubuta wasiƙar da ƙungiya ta ƙi rubutawa, na sa sunana cikakke da muƙamina, na yi tafiyar wuni na kai da hannuna. Ma'aikacin yaro ne mai ladabi, ya tashi ya ba ni kujera, ya karanta har ƙarshe. Ya tambaye ni ƙaramar hukumata, na faɗa masa. Ya ninke takardar ya miƙo mini da hannu biyu.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Shaida sai ɗan asalin nan. Kai a garin nan baƙo ne."

Na duba abin da ya rage na Lawal. Kundin digirinsa babi huɗu ne, yana cikin kwali a ɗakin Hajara, babu mai karantawa. Ɗaliban da ya koyar sun watse. Abin da ya fi komai nasa rai a duniya shi ne fayil ɗin nan, wanda ya bi shi har kabari bai gaji ba, ya dawo ya tare 'yarsa. Allah Ya jiƙan Lawal, Ya yafe masa. Mu da muka zauna a falon Danau Kota ban roƙa mana komai ba tukuna. Za a rufe rajistar jami'a ƙarshen watan nan, Nabila kuma an ce ta dawo ranar Litinin.