Mai Tsani da Hoton da Ya Gyara

A unguwar babu mai kiransa mai zane, duk da cewa zane ya koya, da shi kuma ya yi aure. Mai Tsani ake ce masa, don kusan kullum za ka gan shi da tsanin ƙarfe a kafaɗa, aljihu cike da ƙusoshi, yana ratsa layi a karkace kada ya kwashe wa wani hula. In aka ga tsanin nan ya jingina da bango, an san akwai abin da ke tafe: ko matan unguwa za su baje saƙarsu, ko 'yan makaranta za su fente katangar asibiti, ko wasu masu zane ne suka zo daga nesa suna neman inda za su rataye aikinsu. Shi ne neman wuri, shi ne aron benci, shi ne shara bayan kowa ya watse. Ranar buɗe taro kuwa, in ana tafi, yana can baya riƙe da wayar lantarkin da ta ƙi zama.

Da ƙuruciyarsa shago gare shi a bakin kasuwa, yana zana fuskokin mutane. Hannu kam Allah ya ba shi, ko maƙiyinsa ya san wannan. Amma ba kamanni ne ya cika masa shago ba, rangwame ne. Fuskar da ta shiga shagonsa ba ta fita da tabo. Mai ƙuraje ya fito sumul, mai giɓi a cike masa, tsohuwa a rage mata shekaru ba tare da ta roƙa ba. Abokinsa kafinta, wanda ke yi masa firam, yakan ce, "Kai in ka zana kura, sai a ba ta ajiyar akuya."

Da waya ta shigo kowa ya zama mai ɗaukar hoton kansa, shagon ya mutu a tsaye. Ya ajiye buroshi ya ɗauki tsani. Ba ya faɗa, amma abin na cinsa. Shekarun da ya yi yana rataye aikin wasu har idonsa suka sauya masa. In ka miƙa masa hoto, gefensa yake kallo: ya miƙe ko ya karkace, haske na dukansa ko yana shafarsa, ƙusa ɗaya za ta ɗauke shi ko sai biyu. Abin da ke tsakiyar firam ɗin ya daina zama nasa.

Akwai taro guda da ya daɗe yana mafarki. Yana so ya cika tsohon siton da ke bayan kasuwa, ba da aikin masu zane ba, da kayan gidajen unguwa: kowane gida ya ba da aron abu ɗaya da yake ji da shi, a jera, mutane su zo su ga junansu. Ya sha wuya. Mutum zai ba ka aron guga da murna, amma abin da ke ƙasan akwati ba ya fita don baki ya yi daɗi. Duk gidan da ya shiga, amsa ɗaya ce: "In Iya mai sabulu ta bayar, mu ma mu bayar."

Iya mai sabulu tsohuwa ce da ke yanka sabulun wanki tana sayarwa a ƙofar gidanta tun kafin a haifi rabin unguwar. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Direban babbar mota ne, ya rasu a kan hanya yana saurayi, bai bar mata ko jika ba. Abin da ya bari hoto ne guda, ɗan ƙarami, cikin firam mai gilashi, kuma kowa ya san da shi amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa.

Mai Tsani ya yi ta sintiri a gidanta har ta gaji da shi. Ranar da ta sauko, sai ta ja akwati daga ƙarƙashin gado, ta warware tsohon zani, ta riƙe hoton a cinya, fuskar na kallon ƙirjinta.

"Ɗan nan, ka san ba ni da wani?"

"Na sani, Iya."

"To sharaɗi ɗaya. Kada a ɗauke shi a waya, ko kai, ko wani. Ba na son ɗana yana yawo a aljihun mutane."

"Na yi alkawari, Iya. Yadda kika ba ni haka zan dawo miki da shi."

"Bakinku ke nan, masu tsani. Ku hau da alkawari, ku sauko da haƙuri."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, ta miƙa masa. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga. Sai ga tsohon keken ɗinki, ga fitilar da aka yi karatu da ita, ga rediyon da ya daina magana tun da mai shi ya rasu, ga takalmin farko na wani da yanzu gemu gare shi. Siton ya cika. Mai Tsani bai taɓa jin daɗin aikinsa irin na wannan lokacin ba.

Hoton Iya ya zaɓa wa wuri mafi kyau. A tsakiyar siton akwai inda aka taɓa sauya kwanon rufi da wani mai barin haske, kuma nan ne rana ke saukowa a hankali ta kwanta a bango. Kafinta ya ɗaga kai ya dubi mahaɗar kwanon.

"Inda haske ya samu hanya, ruwa ma ya san ta."

"Damina ba ta kankama ba tukuna," in ji Mai Tsani, yana ja da baya yana kanne ido ɗaya. "Ɗaga min gefen dama kaɗan. Yawwa."

Ya cika alkawari, bai ɗauki hoton a waya ba. Bai kuma tsaya ya kalli saurayin da ke ciki ba. Ya dai tabbatar firam ɗin ya miƙe.

Ana jibi buɗe taro aka yi ruwa. Da safe da ya buɗe siton, keken ɗinki lafiya, rediyo lafiya, sai layi ɗaya na jiƙa da ya biyo bango ya sauka daidai kan firam ɗin. Ya sauke shi da sauri. Ruwan ya shiga tsakanin gilashi da takarda. Da ya ɗaga gilashin a hankali, sai wani ɓangare na goshin saurayin da girarsa suka taho tare da shi. Hanci na nan, baki na nan da ɗan murmushinsa, amma daga idanu zuwa sama kamar an shafa da rigar hannu.

Ya kai shi gida cikin rigarsa. Matarsa na tsince shinkafa a tsakar gida, ta dubi hoton, ta dube shi, ta ajiye tiren.

"Baban yara, tashi ka je ka gaya mata. Yanzu."

"In gaya mata me? In na faɗa, kafin yamma kowa ya zo ya kwashe kayansa. Babu wanda zai sake ba ni aron ko tsintsiya a unguwar nan."

"To me za ka yi?"

Idonsa na kan tsohon gwangwanin da ke saman kabad, inda buroshinsa suke kwance.

"A'a," ta ce. "Kada garin neman ƙiba ka samo rama. Ruwa Allah ne ya aiko shi, za ta iya haƙuri da shi. Hannunka kuwa naka ne."

Ya ji ta sarai. Tsoro ne ya sa shi sauko da gwangwanin, amma da ya zauna a bakin taga ya jiƙa buroshi, wani abu daban ya karɓi aikin. Hannun bai manta ba. Ya haɗa launi har ya dace da tsufan takardar, ya tayar da goshin, ya mayar wa idanun haskensu. A cikin ɓarnar akwai guntayen layuka farare nan da can, sawun ruwa da karcewar gilashi, wasu a goshi, wasu a kan girar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rufe, ya cike girar gashi bayan gashi, ta fito baƙa, cikakkiya. Gaskiya ita ce ya ji daɗi. Ya daɗe bai ji daɗi irin wannan ba, har ya kama kansa yana 'yar waƙa. Hali zanen dutse.

Da ya gama, ko kafinta sai da ya kai hoton bakin ƙofa ya juya shi a haske kafin ya ce, "Shegen hannu. Ba ta yadda za ta gane."

Ranar taro siton ya cika maƙil. Mutane na nuna wa juna kayansu, ana dariya, wata na kuka a gaban fitila, yara na leƙa cikin rediyo. Mai Tsani na tsaye a bakin ƙofa cikin wankakkiyar riga, ana ta miƙa masa hannu. Can sai ga Iya tana tafe da sandarta, ta sa zanin fita. Aka dare mata hanya har gaban hoton.

Ta daɗe a tsaye. Ta matsa kusa har numfashinta na taɓa gilashin, ta ja baya, ta goge ido da bakin mayafi, ta sake matsawa. Sannan ta waiwayo, ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan nan, zo. Ina tabon?"

"Wane tabo, Iya?"

"Na girarsa. Yana rarrafe ya faɗa kan bakin tiren da nake yanka sabulu, ni na juya ina ba wata canji. Na ɗauke shi ina gudu ba takalmi, jininsa har cikin bakina. Gashi bai sake fitowa a wurin ba har ya koma ga Allah. Ina yake?"

Mai Tsani ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙafa. Ya durƙusa a gabanta, gaban kowa, ya faɗi duka: ruwan, gilashin, buroshin. Bai rage komai ba. Ya tuna fararen layukan da ya bi ya rufe, kuma bai san wanne ne na ruwa, wanne ne na yaron ba.

"Zan mayar, Iya," ya ce. "Wallahi zan mayar yadda yake. Layi ɗaya ne. Ki nuna min kawai, wace girar ce? Ta dama ko ta hagu?"

Iya ta buɗe baki za ta amsa. Ta ɗaga hannu ta taɓa girarta ta dama. Ta tsaya. Ta mayar da yatsan kan ta hagu. Ta juya ta kalli hoton, saurayin na mata murmushi da girarsa biyu lafiyayyu, sai ta sake taɓa ta daman. Ta duba cikin taron ko akwai wanda ya san shi, amma tsaransa sun watse, tsaranta kuma yawanci sun riga ta gidan gaskiya. Hannun ya sauko a hankali.

"A hoton nake dubawa," ta ce. "Ban taɓa zaton sai na riƙe da ka ba. Tun da na kalli wannan kuma, shi nake gani."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe ya kai hannu zai sauke firam ɗin ya ba ta, ta tare shi da sanda.

"Bar shi a nan. Yaron kirki ne da gani, ga kyau. Ban dai san uwarsa ba."

Ta juya, aka sake dare mata hanya.

Babu wanda ya kwashe kayansa a ranar, abin da ya ji tsoro bai faru ba. Taron ya yi kwanakinsa, har aka yi ta yabawa. Da aka tashi, kowane gida ya aiko ya ɗauki nasa, keken ɗinki ya koma, rediyo ya koma. Har yanzu Mai Tsani na ratsa layi da tsaninsa, sai dai in ya zo ƙofar Iya yakan rage sauri ya gaishe ta, ta amsa tana yanka sabulu ba ta ɗago ba. Ya cire duk ƙusoshin siton ya cike ramukansu, ban da guda ɗaya. Ya gyara rufin da hannunsa. Hoton na nan a rataye cikin haske mai kyau, a miƙe sarai, kuma har yau ba a zo ɗaukarsa ba.