Dakwarar da ta tare mini hanya

Wata Lahadi ce bayan an gama girbi, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, na tsaya tsakiyar gandun itatuwan garinmu da faifai a hannu, ina hararar wata 'yar dakwara kamar ta zage ni. Sau uku na jefa, sau uku ta cafke faifan da ƙayarta. Idi, ɗan baffana, ya riƙe ciki yana ta dariya. Ni kuwa zuciya gare ni tun ina ƙarami, kowa a gidanmu ya sani, ba na iya jure a yi mini dariya.

Gandun nan iyayenmu mata suka yi shi da hannunsu, lokacin aikin furoje na raya karkara a ƙasar Keita. Su suka haƙa ramuka a kan fako, suka jera duwatsu, suka dasa bagaruwa da dakwara da farar ƙaya, har wurin da ko akuya ba ta tsayawa ya cika ya yi duhu. Aka ba Baba Alu gadi, wani dattijo mai ɗingishi da ba shi da gonar kirki. Gadin nan shi ne abincinsa, shi ne kuma mutuncinsa a gari. An hana kowa shiga, amma mu ya ƙyale mu, wai hayaniyarmu ta fi sandarsa korar awaki. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Ku yi wasanku, ɗiyana, amma ko ganye kada ku tsinka."

Idan mun ɗebo ruwa da jaki, mun zuba wa tumaki harawa, sai kowa ya saci tsohon faifan uwarsa mu nufi gandu. Mun ɗaura tsumma a itatuwa tara. Daga gindin wani suri ake farawa, kana jifa kana ƙirgawa har faifanka ya taɓa itace mai tsumma, sannan ka nufi na gaba. Wanda ya zagaye da jifa kaɗan shi ya ci, mai jifa da yawa kuma ya goya shi har bakin gari. Itatuwan su ne daɗin wasan, su ne kuma takaicinsa. Faifai ya maƙale a reshe, ka hau, ƙaya ta yaga maka wando, ka koma gida ka sha faɗa biyu, na wando da na faifai. Idi yana da hannu, yakan karkata faifansa ya kewaye itace ya sauka inda yake so. Ni ƙarfi kawai na iya. Hanyar itace na bakwai kuwa siririya ce tsakanin bagaruwa biyu, ga dakwarar nan tsaye a tsakiya, kullum a nan nake faɗuwa. Na goya Idi har bayana ya gaji.

Ran nan, da Baba Alu ya tafi sallar azahar, na ɗauko addar babana. Kaurin dakwarar bai fi na hannuna ba, sara huɗu ta faɗi, na ja ta na wurga a kwazazzabo. Da la'asar faifaina ya wuce sumul, Idi ya goya ni ina ta yi masa tsiya. Murnar tawa kwana biyu kawai ta yi. Ma'aikacin gandun daji ya zo bisa moto, ya ga kututture, ya ga saran adda ne. Aka taru ƙofar maigari, aka tambayi Baba Alu wa ke shiga gandun. Ina tsaye bayan babana. Tsohon ya bi yara da kallo, idonsa ya tsaya kaina kaɗan, ya kauda kai ya ce, "Ban ga kowa ba. Laihina na." A ranar aka karɓe gadin aka ba wani, wasanmu ma ya mutu. Sau da yawa na yi niyyar in gaya wa babana, tsoron bulala ya hana ni. Bulala fa, wadda zafinta ba ya kwana!

Ina kwaleji na ga Baba Alu a kasuwar Keita, zaune cikin rana yana sayar da igiyar kaba, ya rame ƙwarai. Ya kira sunana, ya yi murmushi, ya ce, "Sani, hannunka ya miƙe yanzu, ko har yau icce na tare ma hanya?" Kunya ta kama ni. Na sayi igiyar da ba ni da abin ɗaurewa da ita, na wuce. Daminar da ta biyo ya rasu.

Yanzu itatuwan sun yi girman da babban mutum ke hutawa a inuwarsu, yaran gari kuma ƙwallo suke bugawa a filin lakwal, ko su taru kan waya ɗaya, ba wanda ya san an taɓa jifan faifai a cikin itatuwan. Ina kewar hayaniyarmu, amma in na je gida ba na daɗewa cikin gandun. Mutumin nan ya rufa mini asiri da abincin bakinsa, ni kuwa "yi haƙuri" ta gagare ni.